Sabon Tudu a Hanyar Asibiti

Babu kwalta tsakanin ƙauyen masunta na Cabo Polonio da babban titi, sai tuddan rairayi, kuma Heber ne ke ratsa su da tsohuwar motar soja. Wata safiya ta hunturu maƙwabciyarsa Zulma ta zo a guje, ta ce mijinta ya faɗi dafe da ƙirji.

Suka shimfiɗe shi a bayan mota, Heber ya rage iskar tayoyi ya taka totur. Amma iskar jiya ta shafe hanyar, ta tara sabon tudu mai laushi. A tsakiyarsa motar ta kafe.

"Heber, don Allah!" in ji Zulma.

"Tallafe masa kai, maƙwabciya, yanzu za mu fita."

Ya yi ta haƙa da shebur yana cusa katakai ƙarƙashin tayoyi, har tafin hannunsa ya fashe. Da ƙyar motar ta yi gurnani ta haye.

Sai ya ji ana buga rufi. Zulma ta leƙo, fuskarta duk rairayi.

"Bar sauri, ya rasu. Juya mu koma gida."

Heber ya cire hularsa, ya juya motar a hankali.