Ɗaki Mai Sakata ta Waje

Inna ta tsaya a tsakar gidan mutane tana ƙwala wa mahaifina kira, shi da ya daɗe a kabari, wai ya zo ya ga rijiya. Matar gidan ta janye jikarta bayan zaninta tana tofa addu'a.

"Malama, ɗakin fa an riga an yi wa wani alkawarinsa," in ji ta, idonta a kan Inna.

Ɗakin hayar da yanzun nan ta gama rantsuwa babu kowa a kansa!

Canjin wurin aiki ne ya jefo ni ƙauyen nan, koyarwa a firamare. Ba ni da wanda zan bar wa Inna, yayyena maza kowa ya ce matarsa ba za ta iya ba. Tsufa ya cinye mata tunani, har da sunan ƙanwarta take kirana. Likita ya ce ciwo ne. Nan kuwa labari ya riga mu zaga gari: sabuwar malama ta zo da mayya.

* * *

Dillalin da ke zagayawa da mu neman haya, wani siriri da ake kira Tsinke, ya share gumi da hularsa.

"Malama, ki ajiye ta a gindin bishiya mana. In makulli ya shiga hannu, sai ki shigo da ita a ɓoye."

"Uwata ce, ba akuyar sata ba."

"To, Allah ya ba ki haƙuri. Ni dai ƙafata ta gaji."

Tawa ma ta gaji, zuciyata ta fi ta gajiya. Direban da ya ɗauko kayanmu ya ce in rana ta faɗi, a bakin hanya zai sauke mana katifu ya kama gabansa. Inna kuwa ta riƙe gefen mayafina tana jan silifas, ba ta ko tambayar inda za mu.

* * *

Gidan ƙarshe yana bakin gonaki. Mai shi, wani dattijon manomi, ya rusuna ya gaida Inna.

"Kar ki damu, 'yata. Mu ma mun yi jinyar irinta."

Saura kaɗan in fashe da kuka don daɗi. Ya nuna mini ɗaki da falo, rufin kwano sabo, rijiya da murfinta. Sai ya zagaya da mu bayan rumbu, ya tura wata 'yar ƙofa. Ɗakin ba taga. An yanke ƙasan ƙyauren daidai shigar kwanon abinci, sakatar kuma ta waje take.

"Nan muka ajiye tamu tsohuwar har Allah ya karɓi abarsa. Ko kukanta maƙwabta ba sa ji. Sharaɗina ɗaya ne, kada ta riƙa fitowa. Kin san mutane."

Da tausayi ya faɗa, shi ya fi ƙona mini rai. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji direba yana danna hon daga bakin hanya.

Inna ta saki mayafina ta shiga da kanta. Ta shafa bangon, inda farcen tasu tsohuwar ya bar zane a jikin yaɓen, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"Mun iso gida?"

"Mun iso, Inna."

Dattijon ya kama hannuna ya ɗora a kan sakatar, wai in gwada. Ko ƙara ba ta yi ba, ta sha aiki.