Gwaggo da Bangon Addu'a

Duk gidan hayar nan babu wanda bai haddace addu'ar Gwaggo ba. Da asuba ta yi, sai ta shimfiɗa tsohon zaninta a gefen gado, ta durƙusa, ta fuskanci bangon da ya raba ɗakinta da na matar makanike, ta gyara murya. Bangon kuwa sunan bango kawai gare shi. In ka yi tari a wancan ɗaki, daga wannan za a ce maka sannu.

"Ya Ubangiji, Uba mai jinƙai," haka take farawa, "ka dubi bayinka masu shanya wanki a igiyar da ba su suka ɗaura ba. Ban kama suna ba, kai ka san su. Ka ba su zuciyar tuba. Ka tuna da masu barin famfo yana ɗiga, da masu aron tsintsiya su dawo da ita duk ta zube."

Daga can sai matar makanike ta amsa, "Amin, Gwaggo. Ki haɗa da masu sa ido."

Gwaggo ko a jikinta. Shugabar matan coci ce guda, kuma a ganinta duk layin babu wanda ya kai ta kusanci da Allah. Mijinta, tsohon direban da ciwon baya ya zaunar a gida, ya taɓa leƙowa daga cikin bargo ya ce, "Wai ke an ce miki Allah ba ya ji ne sai an ɗaga murya?"

Ta ce, "Kai dai yi barcinka, tunda ana yi maka addu'ar."

Ana nan sai 'yar matar makanike ta haihu a wani gari. Uwar ta haɗa kaya ta tafi, makanike ya koma kwana a gareji, aka danna wa ɗakin kwaɗo. Gwaggo har da 'yar waƙarta wajen wanke-wanke. Ta ce yanzu ne za ta yi addu'a cikin kwanciyar hankali, babu mai katse ta.

Washegari ta durƙusa, ta gyara murya. "Ya Ubangiji, Uba mai jinƙai..."

Shiru. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Igiya babu komai a kanta, famfo a rufe, tsintsiya tana jingine inda ta bar ta. Ta gwada kai ƙarar mijinta, amma mutumin munshari yake yi, ƙarar ta fito babu armashi. Ta tashi da gwiwoyi masu ciwo.

Kwanakin da suka biyo baya ma haka. Tun tana cewa mura ce, har ta daina yaudarar kanta. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, domin ta lalubi ranar ƙarshe da ta yi magana da Allah babu mai saurare ta bango, ta rasa.

Wata safiya mijin ya juyo a hankali saboda bayansa, ya dube ta a durƙushe baki a rufe. "Ki yi haƙuri mana," in ji shi. "Wadda kike yi wa addu'ar ta yi tafiya. In ta dawo sai ku ci gaba."

Gwaggo ta buɗe baki za ta ba shi amsa daidai da shi, sai ta ji maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta jawo zanin, ta juya wa bangon baya. Da ƙyar muryarta ta fito.

"Ya Yesu, ni ce. Na san ka daɗe ba ka ji ni ba, ko da yake duk unguwa tana ji." Hawaye suka zubo mata. "Igiyar nan ma ba ni na ɗaura ta ba, a nan na tarar da ita. Famfon kuwa ni ma nakan bari. Akwai wata baiwarka mai girman kai, ban kama..." Ta tsaya, ta share fuska. "A'a, yau zan kama suna. Ni ce. Ka gafarta mini, kada ka bar ni nesa da kai."

Ta daɗe a wurin. Mijin ya ja bargo ya rufe kansa, bai ƙara tsokanarta ba.

Ranar da matar makanike ta kwana a gida bayan dawowarta, gari bai gama wayewa ba aka ƙwanƙwasa ƙofar Gwaggo. Ga matar makanike tsaye, ɗankwali a karkace.

"Gwaggo, lafiya kuwa? Na kasa kunne ban ji komai ba, har gabana ya faɗi, na ce ko wani abu ne ya same ki."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina yi. Na dai koma yin magana da wanda ya kamata." Gwaggo ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Na daɗe ina zaginki da sunan addu'a."

Matar makanike ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ta murza bakin zaninta.

"Na yafe, Gwaggo. To amma ni yanzu yaya zan yi? Amin ɗin nan da nake amsa miki, ita ce duk addu'ar da nake yi."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi zanin da ke shimfiɗe a ƙasa, ta matsa gefe guda.

"Shigo ki durƙusa," ta ce. "Amma kowa ya kai ƙarar kansa."