Bangon Filin Ƙwallo

Da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta cika shekara arba'in, sai aka ɗauko mai fenti ya rubuta sunayen waɗanda suka kafa ta a bangon fili. Na je na karanta daga sama har ƙasa. Akwai mai gidan mai, akwai surukin Ciyaman ɗin ƙungiyar wanda ko fenariti bai sani ba. Sunan Babana ne kawai babu. Raina ya ɓaci.

Baba kafinta ne. Shi ya sare ƙayar wurin, ya kafa turakun raga da katakon shagonsa, ya horar da yaran farko ba ko sisi. Duk garin an sani, amma kowa ya yi gum, tunda Ciyaman ne ke sayen riguna yanzu.

Na so in ɓoye masa, sai ƙanwata mai bakin tsiya ta fesa. Ya ɗauki sandarsa ya ce in kai shi.

Mun tarar da Ciyaman a gindin bangon, ya turo tumbi gaba yana ba mai fenti umarni.

“Yaro, an manta da ni a nan,” in ji Baba.

“Ba a manta ba, Koci.” Ko hularsa bai taɓa ba, balle ya rusuna. “Ka tuna shekarun da na yi ina wanke maka ƙwallaye? Ko sau ɗaya ka sa ni wasa? Kullum me kake ce min?”

Bai jira amsa ba, sai ya kwaikwayi muryar Baba.

“Zauna a benci, lokacinka bai yi ba. To, ga benci can.”

Na yi kansa, Baba ya tare ni da sanda. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ya je ya zauna ɗin, tsoho da furfurarsa, yana kallon bango ko za a kira shi. Muna nan har mai fenti ya ja layi a ƙasan sunan ƙarshe, ya wanke burushi, ya naɗe tsaninsa.

A hanya na ce, “Baba, da ka ba shi haƙuri, wataƙila da ya sa sunanka.”

Ya tsaya cak, ya harare ni.

“Haƙurin me? Ko gobe aka dawo da ni, ba zai buga min ba. Bai iya ba.”