Ranar da Malam Chaibou Ya Bar Aji

Ranar Laraba da hantsi aka bugo wa Saadatou waya daga Paris. Tana tsaye a kuzin ɗin ɗan gidan abincinta na Vénissieux, gefen Lyon, tana yanka albasa. Mai kiran ta ce sunanta Madam Sofia, daga makarantar koyon girki.

"Ma'aikacinku Chaibou ya zo ranar Litinin, bai yi awa guda ba ya fita. Ba mu sake ganinsa ba. In Juma'a ta yi bai dawo ba, dole in sanar da ofishin da ke ba ku tallafi."

Saadatou ta ajiye wuƙar. Malam Chaibou dattijo ne ɗan Maraɗi, ya yi shekara talatin a bayan tukwanen mutane ba shi da takardar shaida ko ɗaya. Shekara biyu yana zaune ba aiki kafin ta ɗauke shi. Ita kaɗai ba za ta iya albashinsa ba. Gwamnati ce ta ɗauki wani kaso, da sharaɗin ya yi horo ya samo takardar mai girki. Wata huɗu ta yi tana kai da kawo da dosiye, wato takardun neman tallafin, kafin a sa hannu. Tun zuwansa kuwa, da azahar ba a samun kujera.

Ta kira wayarsa sau biyar, ba a ɗauka ba. Ta kira ƙanwarsa Mutmainna, wadda ya sauka a gidanta a Sevran, gefen Paris. Ko gaisuwa ba su gama ba ta jefa tambayar.

"Ikon Allah!" in ji Mutmainna. "Ai kullum da safe Yaya yana fita da jakarsa, ya ce makaranta za shi. Sai magariba yake dawowa."

Saadatou ta kashe wuta, ta manna takarda a ƙofa, ta nufi tashar jirgi. Awa biyun nan zuwa Paris ba ta iya ko kurɓar ruwa ba. Ta san yana da hawan jini. Ko wani wuri yake zuwa yana jinya a ɓoye? Ko wani babban otel ne ya ja ra'ayinsa yana kunyar faɗa? In tallafin ya tsaya, da wane baki za ta ce wa dattijo ya koma gida ya zauna?

La'asar ta yi kafin ta isa Sevran. Mutmainna ta tare ta a tasha, ta ce wata maƙwabciya ta gan shi jiya wajen gada, bakin ruwa. Can suka same shi kan benci, jaka a cinya, ya ƙura wa ruwa ido. Da ya hango su sai ya miƙe, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, har nan?" ya ce wa Saadatou.

"Baba, lafiya dai? Ka tayar mini da hankali."

Ya koma ya zauna kan bencin. Sannan ya buɗe jakar ya zaro takardu, ko layi ɗaya ba a cike ba.

"Muna zama aka raba mana wannan. Tambaya arba'in. Kowa ya duƙufa yana rubutu, ni ina riƙe da biro kamar an ba ni maciji. Hajiya, ban taɓa shiga lakkal ba, ban yi boko ba. Sunana kaɗai na iya sawa."

"Shekara talatin, Baba? Ya kake yi?"

"Da ido da ka. In aka faɗa mini sau ɗaya, ya zauna."

Saadatou ta fasa faɗan da ta ɗauko tun daga Lyon. Ita ta cike dosiyen da hannunta, ita ta rubuta cewa yana karatu da rubutu, ba ta ko tambaye shi ba. Yanzu wani tsoron ne ya kama ta: kar a ce ƙarya ta yi wa hukuma.

Washegari suka tafi makarantar tare. A cikin jirgi sau biyu yana cewa ta bar shi ya sauka, kar ya ja mata abin kunya. Ta riƙe hannun jakarsa har suka iso.

Madam Sofia ta saurare su ba ta katse ba. Da suka gama ta ajiye biro, ta juya wajensa. Ta tambaye shi sanyin da ake ajiye ɗanyen nama, ya faɗa. Ta tambaye shi yadda ake yi da miyar da ta kwana, ya faɗa, har ya ƙara da abin da ba ta tambaya ba.

"Aikin ya san shi," ta ce. "Da kun faɗa tun farko. Ana iya neman a yi masa jarrabawar da baki, a haɗa masa da ajin karatu a Lyon. Amma ba ni ke yankewa ba. Ku gyara dosiyen, ku rubuta gaskiyar yadda aka yi. Kafin amsa ta zo, tallafin zai tsaya."

Mako biyar suka yi suna jira. Kullum Saadatou sai ta buɗe akwatin wasiƙa sau biyu. Malam Chaibou ya koma bakin tukunyarsa, magana ta ragu a kuzin, ko rediyo sun daina kunnawa.

Amsar ta zo wata Asabar. An amince, da sharaɗin kada ya yi fashin aji ko sau ɗaya. Saadatou ta karanta masa a tsaye, ta maimaita da Hausa. Ya goge hannu a jikin riga, ya zauna kan buhun shinkafa.

"Ajin nan," ya ce, "akwai masu furfura irina?"

"Ban sani ba, Baba. Talata za mu je mu gani."