Baba Ya Ɓace a Bikin Manoma

Ranar Asabar ce da yamma, zafin Yuli ya kori kowa daga titunan unguwar Deira a Dubai. Asama'u na zaune a ofishin kago, na aika kaya ƙasashen waje, inda take aiki, tana fama da Hajiya Murjanatu, 'yar kasuwar Kantin Kwari da ta rantse ba za ta tashi ba sai an gaya mata ranar da kwantenarta za ta bar tasha. Ana cikin haka wayar Asama'u ta yi ƙara. Ta duba, ta ga sunan Baba.

Mahaifinta, Malam Ɗalhatu, yana Ingila wajen yayanta Haidar, wanda yake aikin likita a Shropshire. An kai shi ne a duba mantuwar da ta fara cin sa tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da safe Haidar ya turo saƙo cewa za su fita da shi bikin manoma da ake yi a wani ƙauye duk bazara, inda ake gasar shanu da tumaki, ga rumfunan zuma da tsofaffin taraktoci. Ya ce mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana malamin dabbobi ai zai ji daɗi. Sai dai Baba ya daɗe da daina kiran kowa da kansa. Kira ake yi a miƙa masa.

"Baba? Salamu alaikum."

Ta ji kiɗan badujala can nesa, da wani bature yana magana ta lasifika, sannan numfashinsa.

"Ma'u, kin ga an watse an bar ni. Ki ce wa Maharazu ya zo ya ɗauke ni a Wudil, kasuwa ta fara tashi."

Maharazu direban ofishin su Baba ne a da, ya rasu tun tana firamare.

"To, Baba. Ina Yaya Haidar?"

"Yana makaranta mana, ina kike so ya je?"

Ta toshe bakin wayar da hannu, ta karanto wa Hajiya Murjanatu lambar Haidar. Hajiya ta danna a tata wayar. Lambar ba ta shiga. Ta gwada ta matarsa Khadijat, ita ma haka.

"Dajin Turawan nan ba sabis," in ji Hajiya. "Ci gaba da jan sa da hira, ni zan yi ta kira."

Asama'u ta mayar da wayar kunne. Kiɗan ya yi nisa, lasifikar ma da ƙyar take jiyowa. Sai ta ji wata mota ta wuce fuu, kusa da shi ƙwarai.

"Baba, me kake gani a gabanka?"

"Shinge ne na ganye, dama da hagu, ya fi ni tsawo. Hanyar 'yar siririya. Direbobin nan ba su da tarbiyya, ko hon ba sa yi."

Wato ya fice daga filin gaba ɗaya. Ta san irin hanyoyin daga hotunan da Haidar ke turowa: ba gefen da mai tafiya zai raɓe, kwana kan kwana, mai mota ba ya ganin mutum sai ya zo kansa.

"Baba, don Allah ka tsaya. Ba a Wudil kake ba, kana Ingila ne, ka fita daga..."

"Ni za ki gaya wa inda nake? Zan taka zuwa babban titi in tari mota, tunda ba ku da niyya."

Ta ji takunsa ya ƙara sauri. Hajiya Murjanatu ta dafa kafaɗarta, ta yi ƙasa da murya.

"Kada ki yi masa musu, 'yata. Na yi jinyar tawa uwar da irin wannan. Bi shi inda yake."

Asama'u ta sassauta murya. "Baba, yi haƙuri, kuskure na yi. Yanzu na yi magana da Maharazu, ya wuce gada. Ya ce ka tsaya daidai inda kake, ka matsa jikin shingen, in ka yi gaba zai wuce ka bai gani ba."

Takun ya tsaya.

"Ya wuce gada?"

"Ya wuce, Baba."

"To. Kullum sai ya makara, yaron nan."

Ta shiga tambayarsa farashin bijimai a kasuwar yau, yana ba ta amsa tiryan-tiryan, da sunayen dillalan da suka daɗe a ƙasa. Mai ofishin ya leƙo daga ciki, ya ce yalla, ta yi sauri, akwai masu jira. Hajiya ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya koma. Ita dai dannawa take, tana sawa a kunne, tana girgiza kai.

"Ma'u, wayar nan kuka take yi mini a kunne."

Cajin wayarsa ne ke ƙarewa. Kafin ta sami abin cewa ya ce, "Yawwa, ga shi nan tafe, bari in tare shi."

"Baba, a'a! Kada ka..."

Ƙarar burki ta cika mata kunne, ƙarfe ya daki ƙarfe, tumaki suka ɓarke da kuka. Ta ji wayar Baba ta faɗi ƙasa. Asama'u ta miƙe tsaye, kujerarta ta kife. Tana kiran Baba, Baba, ba mai amsawa. Hajiya ta shiga maimaita innalillahi.

Can aka ɗauki wayar. Muryar mace ce, da Turanci, tana haki. Ta ce ba ta taɓa shi ba, saura ƙiris, tirelar tumakinta ce ta shige shinge. Ga shi nan tsaye yana ƙoƙarin buɗe ƙofar motarta. Wace ce ke magana?

Asama'u ta zubo bayani a guje: mahaifinta ne, yana da ciwon mantuwa, daga bikin ya fito, ɗansa Dakta Haidar yana ciki yana nemansa, ita tana Dubai. Matar ta ce, "Dubai?" Sannan ta ce to, za ta juya da shi rumfar masu agajin gaggawa, ta sa a yi cigiya. Sunanta... Layin ya ɗauke.

Daga nan sai jira. Asama'u ta ɗaga kujerar ta zauna, wayar a tafin hannunta, tana kallon baƙin gilashin. Ba ta san matar ba, ba ta ji sunanta ba, ba ta san ko Baba zai yarda ya zauna a motar ba idan ya ga ba Maharazu ne ke tuƙi ba. Hajiya ta kawo mata ruwa, ta kasa sha. Aka kira sallah a masallacin bayan layi, ba wadda ta motsa.

Da wayar ta sake ƙara, baƙuwar lamba ce ta Ingila.

"Ma'u, ni ne." Muryar Haidar ta dushe. "Yana nan, lafiyarsa ƙalau. Wallahi juyawa kawai na yi in karɓo masa abinci. Mun zagaye filin nan har..."

"Yaya, ba ni shi."

Aka yi ɗan motsi. Ta ji ƙarar cokali a kofi.

"Ma'u? Kina Dubai ko? Yaya zafi?"

"Da sauƙi, Baba."

"Mun zo kallon shanu da yayanki. Wata baturiya ta rage mini hanya, mutuniyar kirki, sai dai tuƙinta sai a hankali."

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Da Haidar ya karɓi wayar ta ce masa ya nemo mata lambar matar, kuma ya rubuta sunansa da lambarsa ya sa wa Baba a aljihun kowace riga. Ranar Litinin za ta nemi biza, ko ofis su ba ta hutu ko kada su bayar.

Ta ajiye wayar, ta jawo kwamfuta. "Hajiya, kwantenarki..."

"Khalas, bar ta, tana inda take. Tashi mu yi sallah."

Suka shiga ɗan ɗakin baya inda ake tara katan-katan. Asama'u ta tayar da kabbara a tsaye, tun raka'ar farko ta zauna. A zaune ta idar.