Shanun Yumɓu na Ukasha

Ukasha ya kai shekara tara bai taɓa haɗa kalma biyu ba. Yana ji sarai, amma ba ya amsawa, ba ya kallon mutum cikin ido, kuma in hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunnuwa ya dinga gwara kansa da bango. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana rarrafe, don haka a ɗakin Hajara, kakarsa ta wajen uba, ya tashi, a wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya.

Hajara maginiyar tukwane ce. Wata rana tana kwaɓa yumɓu Ukasha ya fara ihu, ta rasa yadda za ta yi, ta gutsuro ta danƙa masa. Ya yi tsit. Kafin ta gama bakin tulu ya ajiye saniya a gabanta, da tozo da ƙaho da komai.

Tun daga ranar take ware masa nasa yumɓun. Ta fere masa tsinken zana ido, ta nuna masa yadda ake shafa jar ƙasa da farar ƙasa, in za ta gasa tukwane ta jera shanunsa a gefe. Ba ta taɓa ce masa ga abin da zai gina ba. Da hantsi yakan zauna a ƙofar gida yana kallon garken Sabo, makiyayin rugar bayan gari, in sun wuce ya koma ciki ya zauna aiki. Ya daina gwara kai.

Sabo ya taɓa ganin shanun a rana suna bushewa, ya tsuguna yana dariya.

"Baba Hajara, wannan ai karsanata ce mai karyayyen ƙaho! Ko a duhu na gane ta."

Washegari ya aiko wa yaron da ƙwaryar kindirmo.

Da damina ta yi nisa, Ukasha ya sake gina karsanar, amma a kwance, ta miƙe wuya a ƙasa. Ba a jima ba karsanar Sabo ta mutu. Wata maƙwabciya da ta ga ginin ta kai maganar bakin rijiya, kafin kasuwa ta zagayo an gama yanke hukunci: yaron maye ne, da yumɓu yake kama kurwa. Mata suka daina sayen tukwanen Hajara. Sabo kuwa ya canja wa shanunsa hanya.

Ɗahiru, mahaifin yaron, ya dawo daga masallaci ransa a ɓace.

"Inna, yau da na shiga sahu sai da mutum biyu suka matsa."

"Ɗahiru, karsanar nan ta daɗe tana kwanciya a hanya, kowa ya gani. Abin da ya gani ya gina. Ɗanka ne fa."

"Na sani, Inna. Amma in ban tsayar da abin nan ba, wata rana da sanduna za su zo masa."

Ya ɗauki taɓarya. Hajara ta riƙe masa riga, ya zame a hankali, ya bi shanun yumɓun ɗaya bayan ɗaya yana farfasawa. Ukasha yana tsaye yana kallo. Da aka gama ya tafi bango ya fara gwara kai, har jini ya rufe masa ido. Ya ƙi abinci, ya ciji duk wanda ya taɓa shi. Mutane suka ce ga shaida nan ta fito.

Dattawa suka ba da shawarar wani mai magani can wajen Doguwa. Ɗahiru ya goya Ukasha a babur, an ɗaure su tare da rawani, yana tuƙi yana share hawaye.

Sai bayan girbi Hajara ta samu zuwa. Ta tarar da shi a gindin bishiya da mari a ƙafa, an aske shi, ya rame, hannayensa a kan gwiwa. Ta tsuguna ta kira sunansa, ta shafa kansa. Ko motsi bai yi ba.

Da ta dawo gida, Ɗahiru ya tarye ta a zaure.

"Inna, ya jikin nasa?"

Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa.

"Mai maganin ya ce ya samu sauƙi. Wai yanzu ba ya taɓa komai."