Hoton da Za a Kai Haikali

Shekara ashirin da shida Genzo Takemori yana fitowa a fim, kuma a lissafinsa ya mutu sau arba'in da ɗaya. An harbe shi, an shaƙe shi, an wurga shi teku. Ta arba'in da biyun ce likita ya ce tana tafe kafin bazara, wannan karon kuma babu mai cewa a sake ɗauka.

Bai ji tsoro sosai ba, gajiya ta fi yawa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: hoton da za a kafa gaban akwatin gawarsa a haikali, mutanen unguwa su zo su rusuna masa.

Matarsa Shizue ta zazzage kwalin hotuna a kan tebur. Ga shi kuku, ga shi boyi riƙe da tire, ga shi ɗan fashin teku da gashin bakin jabu har ƙirji. Rabinsu ma a ɗan Sin ya fito, don masu fim ba su taɓa wahalar da kansu wajen bambance 'yan Sin da mutanen ƙasarsa ba.

"Baban Emi, wanne zan kai?" in ji ta. "Mai wuƙar ko mai gubar?"

Washegari da hantsi ya sa kwat ɗinsa, ya taka a hankali zuwa shagon Ujihara mai hoto, wanda jirgin ruwa ɗaya ya kawo su Amurka.

"Zauna, tsohon ɓarawo," in ji Ujihara. "Yau wa za ka kashe?"

"Ba kowa. Ni za ka ɗauka, ni kaina."

Ujihara ya cusa kai ƙarƙashin baƙin ƙyallen kyamara. Genzo na ganin idon kyamara, kafaɗunsa suka rusuna da kansu, haƙora suka fito.

"Kai, ba shayi na ce ka kawo ba! Rufe bakin nan."

Ya gyara zama. Gira ɗaya ta ɗage, ido ya ƙanƙance.

"Yanzu kuma jikokinka za ka firgita. Fuskarka nake so, Genzo, taka!"

Sau bakwai suna gwadawa. Genzo ya nemi fuskar tasa ya rasa inda ya ajiye ta. Kunya ta kama shi, ya kuma ji tausayin kansa.

"Bar shi kawai," ya ce.

Ya sassauta wuyan riga, ya dafa gwiwoyi yana kallon ƙofa, yana tara ƙarfin miƙewa. Sai ya ji kyamara ta yi ƙyas.

Bayan kwana uku hoton ya iso gida. Wani dattijo ne kumatu sun zubo, ba murmushi ba mugunta. Genzo bai so shi ba ko kaɗan.

"Wannan wa zai rusuna masa?" ya ce.

Shizue ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta goge shi da hannun rigarta.

"Wannan dai na san shi," ta ce. "Shi ne yake shigo mini gida kowace yamma, shekara ashirin da shida."